Jirgin su mai injin jet, mai farfela, mai doguwar wutsiya ko na filafili: wanne ya dace da ruwan Kano da Jigawa?

Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da bidiyon ƙaramin jirgin alminiyam yana tsala gudu a ruwan da bai wuce idon sawu ba, yana ratsa duwatsu, ruwa na feshi ta bayansa. Masunta matasa daga Rurum zuwa Wudil har Hadejia suna kallo suna cewa ai ga maganin matsalarsu, tunda rabin shekara ruwanmu ba shi da zurfi. Wanda ya tara 'yan kuɗinsa, ko ƙungiyar masunta da ta yi karo-karo, sai su tsaya tsakanin abu huɗu: jirgi mai injin jet da ke tafiya da feshin ruwa, kwalekwale mai injin farfela da aka saba gani (wato fankar da ke juyawa cikin ruwa tana tura jirgi), inji mai doguwar wutsiya, ko kuwa a ci gaba da filafili a zuba kuɗin a kayan su.

Ra'ayina tun daga farko shi ne injin jet ƙira ce mai kyau ƙwarai, amma an yi shi ne don wani irin ruwa daban da mafi yawan namu. Ga dalilaina, ka auna da kanka.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma shi ne uban sauran, wane ruwa za ka shiga? Ba zurfi kaɗai ake tambaya ba. Abin da ke cikin ruwan ya fi zurfinsa muhimmanci. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a kan kogin Kano, tafki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 178, tsakiyarsa da zurfi, kuma idan hadari ya taso iska tana ɗaga igiyar ruwa sosai. Madatsar Challawa ta yankin Karaye, wadda aka gama a 1992, ita ma babban ruwa ce. Kogin da ya bi ta Wudil ya gangara Ringim da Taura kuwa yashi ne shimfiɗe, da rani ya tsuke ya bar 'yan hanyoyi. Daga Auyo da Hadejia zuwa Kirikasamma da Guri kuma sai ka shiga duniyar kacala, wato doguwar ciyawar ruwa, da kainuwa da bado. Kacala ta samu gindin zama ne tun da madatsun nan suka sa ruwa ke kwanciya shekara zagaye a wuraren da a da suke bushewa da rani, har ta toshe hanyoyin ruwa irin na Marma.

Na biyu kuɗi: na saye, da na man da za ka sha kullum. Tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lissafin mai ya koma gaba da lissafin saye. Farashin injuna yana bin canjin dala, saboda haka zan jera su ne daga mai tsada zuwa mai sauƙi, in kuma ba ka shan mai da lita.

Na uku ƙarko da gyara. Idan ya lalace ranar Talata, wa zai gyara shi, kuma ina za a samo kayan?

Na huɗu sauƙin aiki. Masunci ba direban fasinja ba ne. Yana tafiya a hankali yana shimfiɗa ragar kalli, yana tsayawa ya jefa ragar birgi, yana bin igiyar mamari ƙugiya bayan ƙugiya. Jirgin da ya iya gudu amma bai iya rarrafe ba ya bar rabin aikin.

Na biyar haɗari ga rai.

Jirgi mai injin jet

Wani manomi kuma maƙeri ɗan ƙasar Niyu Zilan, Bill Hamilton, shi ya fito da wannan ƙira a 1954. Burinsa ya haura kogunan ƙasarsu masu gudu, marasa zurfi, waɗanda ƙasansu tsakuwa ce da duwatsu, inda farfela ba ta kwana biyu ba ta karye ba. A 1960 jiragen irin nasa suka haura kogin Kolorado na Amurka ta cikin kwazazzabon Grand Canyon, daga nan duniya ta yarda da su. Ka riƙe siffar wancan ruwa a ranka: garau, mai gudu, ba ciyawa.

Yadda yake aiki ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san noman rani a Kadawa ko Kura, domin tamkar injin ban-ruwa ne aka ɗaura wa jirgi. A ƙasan jirgin akwai baki mai ragar ƙarfe da ke zuƙo ruwa. Imfela, wato fankar cikin famfon, tana juyawa cikin wani zobe da ya matse ta, ta tura ruwan ya fita ta ƙaramin bututu a baya da ƙarfin gaske, jirgi ya yi gaba. Idan ka karkata bututun, jirgi ya juya. Ribas kuma wani murfi ne da ke saukowa ya tare ruwan ya mayar da shi gaba. Babu giya, babu abin da ya sauko ƙasa da gindin jirgi.

Iri biyu ake samu a ƙananan jirage. Akwai wanda injin ke zaune cikin jirgi, yawanci an ciro shi daga babur ɗin ruwa, a jirgin alminiyam mai tsawon mita 3 zuwa 4. Shi ne na cikin bidiyo, kuma wurin zama da inji sun cinye cikinsa, ba inda za ka tara raga jiƙaƙƙiya da kwandon kifi. Akwai kuma injin ratayawa a baya, irin na Yamaha ko Mercury, wanda aka cire masa ƙafar farfela aka sa famfon jet. Wannan na biyun shi ne ya fi kusa da bukatar masunci.

Abin da ya fi kowa a kai a fili yake. Idan jirgi ya ɗauki gudu ya ɗago ya hau saman ruwa, yana iya wucewa a ruwan santimita 10 zuwa 15. Kututture ko dutsen da ke ɓoye ba ya samun abin da zai kama. Mutumin da ya faɗa ruwa, ko yaran da ke wanka a mashaya, babu wuƙar farfela da za ta sare su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma akwai sharuɗɗa, kuma a nan ne mai saye ke yawan ruɗuwa.

Sharaɗin farko, rashin zurfin nan sai a guje yake aiki. Jirgin da ke tsaye ya nutse daidai nauyinsa, kuma idan ka taka totur a ruwa kaɗan, bakin zai zuƙo yashi da tsakuwa daga ƙasa. Kana bukatar ruwa kamar santimita 30 ko fiye kafin ka tashi. Masunci kuwa tsayawa da tashi shi ne aikinsa.

Na biyu, famfon yana cin kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin inji. Shi ya sa kamfanoni ke rubuta lamba biyu a jikinsa, kamar 40/30 ko 60/40 ko 90/65. Ma'ana injin mai ƙarfin doki 40 ne, yana shan man 40, amma abin da ke isa ruwa na 30 ne. Ka biya kuɗin babban inji, ka sha man babban inji, ka samu aikin matsakaici. A tafiyar sannu ma asarar ta fi haka, domin jet ya fi amfani da mai yadda ya kamata ne idan yana gudu.

Na uku, jikin jirgin. Ba kowane kwalekwale ake ɗaura wa jet ba. Yana son gindi shimfiɗaɗɗe ko mai ɗan tudu kaɗan, faɗinsa kamar santimita 120, tsawo mita 4 zuwa sama, kuma mara nauyi. Gaban bakin zuƙon dole ya zama sumul, domin ko ɗan katakon da aka buga a ƙasa yana iya jawo kumfa, imfela ta kama iska, inji ya yi ta kuka jirgi bai motsa ba. Allon baya ma sai an ɗaga shi kamar santimita 15 fiye da na farfela, yadda leɓen bakin zai yi daidai da gindin jirgi. Kwalekwalenmu na katako siriri ne, mai nauyi, kuma yana ƙara nauyi idan ya sha ruwa. Wanda zai sayi jet, to ya sani jirgi sabo zai saya tare da shi, na alminiyam ko na faiba. Alminiyam yana daɗewa, ba ya ruɓewa, amma idan ya tsage ba kowane mai walda ne ke iya ɗinke shi ba, sai mai injin waldar alminiyam, wanda sai ka shiga birni.

Na huɗu, kuma shi ne babba a wurina, ciyawa. Ka ɗauka kana tafe a wata hanyar ruwa a bayan Hadejia da sassafe. Guntayen ganyen kacala da kainuwa suna yawo a sama, ga ledar ruwa da ta taho daga gari. Kana cikin tafiya sai ƙarar inji ta haura sama, jirgi kuma ya yi sanyi ya zauna. Ragar ta toshe. Sai ka kashe inji, ka ɗaga shi, ka kwanta a allon baya ka zura hannu kana ciro ciyawa daga tsakanin ƙarafa, wata ta naɗe can ciki sai da ƙugiyar waya. Ka tayar, ka yi 'yar tafiya, ta sake toshewa. Idan na cikin jirgi ne abin ya fi wuya, domin bakin yana can ƙarƙashi, wani lokaci sai an shiga ruwa. Ga kuma igiyar kalli: jet ba ya yanka raga kamar farfela, amma yana zuƙe saken igiya ya naɗe ta a sandar imfela, wadda cire ta ke bukatar kwance famfo.

Yashi kuma shi ne ke cin ƙarkonsa. Tsakanin bakin imfela da zoben da take juyawa ciki tazarar da ake so ba ta kai milimita 1 ba, wajen 0.8. Yashi yana goge su biyun, tazarar ta buɗe, ƙarfi ya ragu. Masu ƙirar sun tanadi dabara: akwai 'yan wasoshi a ƙasan imfela, sai a ciro ɗaya a mayar sama, imfela ta ƙara nutsawa cikin zoben ta sake matsewa. Ana kuma wasa bakinta da zarto. Idan wasoshin sun ƙare, sai sabon zobe ko sabuwar imfela, kuma ta ƙarfe mara tsatsa ta fi ta alminiyam jure yashi nesa ba kusa ba. Boris ɗinsa kuma yana son giris duk ranar da aka yi aiki da shi. Duk wannan aiki ne da makanikin injin ban-ruwa mai basira zai iya koya cikin ɗan lokaci. Matsalar kayan ce. Ba abin da za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka ɗauko a kan tebur ba ne, sai an yi odarsa daga waje, kana zaune damina na wucewa.

Wajen tuƙi akwai abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya hau. Jet ba ya juyawa sai ruwa na fita daga bututu. Idan ka ga abu a gabanka ka saki totur saboda tsoro, jirgin zai ci gaba da sulalewa kai tsaye, sitiyari ba zai amsa ba. Dole ka koyi ƙara wuta a lokacin da zuciyarka ke cewa ka rage. A kwana kuma gindinsa yana zamewa gefe, tunda ba abin da ya kafe cikin ruwa. A tsakiyar Tiga idan iska ta taso, shimfiɗaɗɗen gindi yana dukan igiyar ruwa da ƙarfi, bakin yana fita daga ruwa yana kama iska.

A kuɗin saye shi ne mafi tsada cikin huɗun, da tazara mai yawa, idan ka haɗa inji da jirgi da kuɗin shigowa. Sayar da shi na hannu ma sai ka nemi mai so da fitila.

Kwalekwale mai injin farfela

Wannan shi kowa ya sani, kuma Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 da 25 da 40 su ne suka cika ruwan Najeriya. Injuna ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, yawanci kashi 1 na baƙin mai cikin 50 na fetur. Na 15 nauyinsa bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya mai ƙarfi zai saɓa shi ya kai gida da yamma, wanda hakan kariya ce daga ɓarayi. Na 40 ya haura kilo 70, sai mutum biyu.

Idan an taka shi har ƙarshe, na 15 yana shan wajen lita 7 a awa, na 40 kuma wajen lita 20. Wanda ya rage totur zuwa kashi biyu cikin uku zai ga man ya ragu sosai alhali gudun bai ragu da yawa ba, musamman a dogon kwalekwale siriri, wanda ƙirarsa ta yanka ruwa ce ba ta hawa samansa ba. Yawancin masunta na 15 ya ishe su. Na 40 na masu ɗaukar kaya da fasinja ne.

Ƙarfinsa yana wajen ja. Farfela tana cizon ruwa ko a tafiyar sannu, tana tura kwalekwale cike da ragar taru da mutum huɗu ba tare da gardama ba. Ƙafar injin da ke cikin ruwa tana aikin sitiyari ko an rage wuta, ga giyar tsayawa da ta ribas. Wajen shimfiɗa kalli babu wanda ya kai shi cikin masu inji. Ciyawa tana naɗe farfela, gaskiya ne, amma sau da yawa ka sa ribas ka ɗan taka ta warware, in ta ƙi ka ɗaga inji ka cire da hannu, komai a fili yake.

Rauninsa zurfi. Farfela da ɗan ƙarfen da ke kare ta suna sauka santimita 30 zuwa 40 ƙasa da gindin jirgi, don haka ruwan da bai kai gwiwa ba ya fi ƙarfinsa. Kututturen da ruwa ya rufe a gefen madatsa yana iya lanƙwasa farfela ko ya fasa gidan giya. Da ruwa yake sanyaya kansa, ta wata 'yar imfelar roba da yashi ke cinyewa. Idonka ya riƙa komawa kan ɗan ruwan da yake tsartarwa ta gefe. Da ka ga ya tsaya, kashe inji nan take. Zaren raga da ya naɗe bayan farfela yana cin robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga man giya ya mayar da shi fari kamar madara, saboda haka a riƙa kwance farfela ana dubawa.

Kayan gyara ana samunsu a ƙasar nan, na asali da na kwaikwayo, kuma injin da aka kula da shi yana shekaru masu yawa. Mai sayen na hannu ya nemi a tayar da shi a sanyi a gabansa, cikin durom na ruwa, ya duba tsartuwar ruwan, ya sa a buɗe man giya ya ga launinsa. A kuɗi yana tsakiya zuwa sama, amma kadara ce, duk ranar da ka so sayarwa akwai mai saye.

Haɗarinsa farfelar ce. Tana yanka ragar maƙwabci, ta jawo ƙara gaban sarkin ruwa, tana kuma yi wa wanda ya faɗa ruwa mummunan rauni.

Inji mai doguwar wutsiya

Ƙasar Tailan ce ta shahara da shi, inda suke da magudanan ruwa masu laka da ciyawa kusan irin na fadamarmu. Ƙirar ba ta da wani sirri. Injin fetur na gama-gari, irin Honda GX200 mai ƙarfin doki 6.5 ko GX390 mai 13 da 'yan'uwansu na Sin, ana ɗora shi kan wani ƙarfe mai juyawa a bayan jirgi. Daga jikinsa sanda mai tsawon kusan mita 2 ta miƙe baya cikin bututu, da ƙaramar farfela a ƙarshenta. Direba yana riƙe da hannu ɗaya dogo. Ya danna ƙasa, farfela ta fito daga ruwa. Ya saki, ta koma. Ya tura gefe, jirgi ya juya.

A ganina wannan ne ya kamata mutanen fadama su fi mayar da hankali a kai. Iska ce ke sanyaya shi, ba ya zuƙar ruwa, ke nan yashi da laka ba su da hanyar shiga cikinsa. Farfelar tana tafiya a kwance kusa da saman ruwa, duk inda jirgi ya iya yawo ita ma za ta iya turawa. Idan ciyawa ta naɗe, ka ɗaga ta sama ka taka wuta ta watsar. Na 6.5 bai kai lita 2 yake sha a awa ba, na 13 kuma wajen lita 3 da rabi, kuma fetur zalla ne, baƙin mansa yana zaune a kwandonsa. Fulogi, kafireto, zobe, igiyar ja, duk suna nan a kasuwar kowane gari mai noman rani, makanikin ma yana nan a bakin hanya. Da rani idan kifi ya yi ƙasa, ana iya sauke injin ya koma wani aikin a gona.

Sandar da bututun da farfelar ana sayensu a haɗe daga waje, ko maƙeri mai injin gurza ƙarfe ya ƙera. Inda aikin ke ɓaci shi ne idan sandar ba ta miƙe sosai ba: jirgi zai yi ta karkarwa, bushin ɗin da ke riƙe da ita ya cinye da wuri. A kula da giris, a kuma ajiye farfela ta biyu a cikin jirgi, tunda ba ta da tsada.

Aibinsa ma a faɗe shi. Yawancinsu ba su da ribas, wasu ba su da giyar tsayawa, da ka tayar farfela ta fara juyi. Yana son fili kafin ya yi kwana, a siririyar hanya tsakanin kacala sai ka taimaka da sanda. Yana da ƙara, yana gajiyar da kafaɗa, kuma nauyinsa a sama yake, yana sa siririn kwalekwale rawa. Ba shi da gudu, kuma a babban ruwa mai igiya farfelar tana yawan fitowa. Mafi muni shi ne wuƙa ce tsirara a ƙarshen doguwar sanda da ke lilo hagu da dama. Kada a tayar da shi a mashaya mai yara, kuma dole a sa masa igiyar kashe inji da ake ɗaurawa a hannu.

Kwalekwalen filafili da sanda

Ba sai an yi dogon bayani ba. Shi ne mafi arha, ba ya shan mai, kafinta da kwalta da ƙusa sun ishe shi gyara, yana shiga inda ba injin da zai shiga, kuma ba ya korar kifi da ƙara. Mai birgi da mai tarkon gura a kusa da gari ba su da abin da ya fi shi. Iyakarsa nisa da ƙarfin damtse. Karfasa da tarwadar da aka kama da asuba suna rage daraja idan rana ta take kafin a kai su gaɓa, kuma hadari idan ya riski mai filafili a tsakiyar madatsa, guje masa yana da wuya.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Jet | Farfela | Doguwar wutsiya | Filafili |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi tsada, har da sabon jirgi | Tsakiya zuwa sama | Ƙasa | Mafi arha |
| Shan mai | Mafi yawa a kan aiki ɗaya | Lita 7 zuwa 20 a awa a cikakken gudu | Lita 2 zuwa 3 da rabi a awa | Babu |
| Ruwa mara zurfi | Sosai, amma a guje | Rauni | Sosai, ko a sannu | Sosai |
| Ciyawa | Yana toshewa | Yana jurewa kaɗan | Ya fi jurewa | Ba damuwa |
| Yashi | Yana cin imfela | Yana cin robar famfo | Ba ya shiga inji | Ba damuwa |
| Babban ruwa mai iska | Matsakaici | Mafi kyau | Rauni | Haɗari |
| Kayan gyara | Sai oda daga waje | Ana samu a birane | Kasuwar gari | Kafinta |
| Tafiyar sannu da kaya | Rauni | Mafi kyau | Da kyau | Gwargwadon ƙarfi |
| Babban haɗari | Rasa sitiyari idan an saki totur | Yankan farfela | Farfela a fili, rawar jirgi | Hadari da gajiya |

Akwai haɗarin da jadawali bai nuna ba domin ya shafi duka huɗun, wato lodi. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya, kuma an ɗora masa fiye da abin da zai iya. Allah ya jiƙansu. Inji yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwar ɗaukar abin da da filafili ba zai ɗauka ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare. Ka sa kuɗin riguna cikin lissafin saye tun farko, ɗaya ga kowane mai hawa, ko da ya iya ruwa.

Wa ya dace da wanne

Idan a Tiga ko Challawa kake su, kana zuwa nesa ka shimfiɗa kalli ka dawo da kaya, sayi farfela mai ƙarfin doki 15 ka ɗaura a kwalekwale mai faɗi da tsayin gefe. Idan ƙungiya ce mai taru da ma'aikata da yawa, ko kuna tattaro kifi daga sansani zuwa sansani, ku haura zuwa 25. Na 40 sai in akwai jigilar kaya da za ta biya mansa.

Idan a fadamar Hadejia, Kirikasamma, Guri ko wajen Baturiya kake, inda kacala da laka suka fi ruwa yawa, doguwar wutsiya mai 6.5 ta fi maka, ko mai 13 idan jirginka babba ne. Ka tabbata gindin jirgin yana da faɗi, ka kuma yi kwanaki kana koyon sarrafa ta a fili kafin ka shiga matsatsi.

Idan a kogin yashi kake, tsakanin Wudil da Ringim, inda ruwa ke cika da damina ya janye da rani, doguwar wutsiya ce za ta yi maka shekara zagaye. Mai hali yana iya riƙe farfela don watannin cikar ruwa, ya koma sanda idan ya janye.

Idan wurin sunka bai wuce tafiyar rabin awa daga gaɓa ba, ka bar inji tukuna. Kuɗin ya tafi ga sabuwar raga, gyaran jirgi, da akwatin ƙanƙara ko murhun banda mai kyau.

Jet kuma ya dace da mutum uku. Mai kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi, wanda ba da kifin yake ciyar da gida ba, yana son shiga lungunan madatsa masu duwatsu. Mai wurin shaƙatawa a bakin ruwa inda mutane ke iyo kusa da jirgi. Sai hukuma ko ƙungiyar ceto da ke bukatar isa wuri da sauri ta ciro mutum daga ruwa ba tare da tsoron farfela ba, kamar a ambaliyar da ta mamaye Jigawa a 2022, muddin tana da jirgi na biyu mai wani injin don wuraren da karan dawa da shara suka cika ruwa. Duk wanda ke cikin ukun nan ya zaɓi na ratayawa a baya maimakon na cikin jirgi, ya nemi imfelar ƙarfe mara tsatsa, kuma ya sa a haɗo masa da zobe na biyu, da saitin wasoshi, da bindigar giris a cikin oda ɗaya da injin.